Daminarmu Daga Teku Take Tasowa, Amma Muna Wa Mai Karatun Teku Dariya

Kwanakin baya a wajen wani ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha ana jiran abinci, hira ta biyo ta kan wani yaro ɗan unguwarmu. Ya gama digirin farko a nazarin halittu, ya kuma samu gurbin digiri na biyu a fannin halittun teku a wata jami'a da ke Kudu. Wani dattijo da ya yi boko, ya yi aikin gwamnati har ya ajiye, ya gyara zama ya ce, "Don Allah wannan ma karatu ne? Mutum ya bar Kano ya tafi ƙirga kifi? Ina tekun yake a nan?"

Aka yi dariya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya musa masa, alhali a cikin masu dariyar akwai waɗanda ke koyarwa a jami'a.

Ni a ganina yaron ya yi daidai, kuma muna buƙatar irinsa da yawa. Ya kamata hukumomin bayar da tallafin karatu na jihohin Arewa su sa kimiyyar teku cikin fannonin da suke ɗaukar nauyi a matakin digiri na biyu da na uku. Ya kamata gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi a binciken da ɗaliban nan ke yi, tunda su ne ke shiga ruwa su ɗebo bayanan. Ban ce a buɗe sashen nazarin teku a kowace jami'ar Arewa ba, zan zo kan wannan. Na san dai akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi.

"Ai ba mu da teku"

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, daga iyakar Benin a Legas zuwa iyakar Kamaru a Kuros Riba. Amma a bar wannan, don mai ja zai ce ai ta 'yan Kudu ce. Mu tambayi manomin gero a Daura ko Maraɗi: ruwan da yake jira daga ina yake zuwa?

Kowa ya san lokacin da iska ke juyawa a ƙarshen rani. Hunturu ya janye, zafin bazara ya yi tsanani, sai a fara jin wata iska mai laima tana kaɗowa daga kudu maso yamma, gumi ya fara naso a riga. Wannan iskar daga saman Tekun Atlantika take tasowa, ta ratso Mashigin Tekun Gini ɗauke da danshi. Ita ce ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara hadari ya haɗu. Nisan da za ta iya kutsawa arewa, da yawan danshin da za ta ɗauko, suna da alaƙa da zafin saman ruwan teku. Idan ruwan Mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, ruwan sama kan maƙale a bakin gaɓa, Sahel ta sha fari.

Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Shanu sun ƙare, garuruwa sun watse, Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. A wancan lokacin bayanin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne laifinmu ne: makiyaya sun cinye ciyawa, manoma sun sare daji, ƙasa ta yi tsirara ta kori hadari. An daɗe ana rubuta tsare-tsaren agaji a kan wannan fahimta.

Masu nazarin teku da yanayi ne suka sauya maganar. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna alaƙar ruwan saman Sahel da zafin tekunan duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka saka wa kwamfuta bayanan zafin saman teku na shekaru masu yawa, sai ga tsarin ya fito da hawa da saukar daminar Sahel kusan yadda aka gan shi a zahiri, har da dogon farin nan. Sauyin zafin Atlantika da ɗumamar Tekun Indiya su ne tushen abin. Sare daji yana ƙara tsananta shi, amma ba shi ya haife shi ba.

A duba wannan da kyau. Binciken teku ne ya sauke wa Bafulatani makiyayi da Bahaushe manomi wani kaso mai yawa na laifin da aka ɗora musu. Kuma ba mu ne muka yi binciken ba.

Har yau haka abin yake. Duk shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, ta faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa a Sakkwato ko Yobe da lokacin ɗaukewarsa. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suna tara masana su fitar da na yankin Sahel gaba ɗaya. Wanda ya karanta irin waɗannan rahotanni zai ga daga zafin teku ake farawa: halin da Tekun Pasifik ke ciki, El Nino ne ko La Nina, wato ɗumamar ruwansa ko sanyinsa fiye da yadda aka saba, sannan Atlantika. Na'urorin da aka kafa a tsakiyar Atlantika suna auna zafi da gishiri da iska dare da rana, tsarin da ake kira PIRATA, sun fara aiki tun 1997. Faransa da Brazil da Amurka ne suka kafa su, su ke kula da su. Mu da cikinmu ya dogara da wannan ruwan, jiran sakamako kawai muke yi.

Alaƙar kuma ba ta gefe ɗaya ba ce. Ƙurar hunturun da ke sa mu tari da kaushi, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tashi, wato busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi. Iska na ɗauke ta ta zuba a Atlantika, wata har dajin Amazon. Tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosforas, waɗanda ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani suke buƙata, su kuma su ne abincin farko da duk kifin teku ya dogara da shi. Ruwan Gulbin Rima da na Kogin Kaduna suna shiga Neja, na Gongola yana shiga Binuwai, duka su sauka a teku da ledar fiya-wata da ragowar takin zamani da maganin feshi da muka zubar. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta riƙe yashi da laka da a da suke gangarawa su ciyar da gaɓar Neja Delta. Ko mun ga teku ko ba mu taɓa gani ba, muna taɓa shi yana taɓa mu.

Sai kuma tukunya. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi a Kano da Zariya da Gusau, titus da kote da shawa, duk na teku ne, kuma mafi yawansa da dala ake shigo da shi. Abin da muke kamawa da wanda muke kiwo bai kai rabin abin da ƙasar ke buƙata ba. Uwargidan da ta ga kuɗin titus ya ninka ta koma yanka shi ƙanana-ƙanana don ya zagaya yara, ai maganar teku ta shigo mata har ɗakin girki.

"Turawa sun riga sun bincika, mu karanta nasu mana"

Wannan hujjar takan fito daga bakin masu ilimi, shi ya sa ta fi cutarwa.

Duniya kanta ba ta gama sanin teku ba. Ya rufe kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, amma abin da aka zana taswirarsa dalla-dalla daga ƙasan teku bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba. An yi wani gagarumin aikin ƙidayar halittun teku daga 2000 zuwa 2010, masana kusan 2,700 daga ƙasashe sama da 80, suka gama suna cewa abin da ba a sani ba ya fi wanda aka sani. Nau'o'in da aka yi wa rajista da suna yanzu sun kai kimanin 240,000, kuma duk shekara ana ƙara sababbi.

Ilimin da ake da shi ɗin ma ba daidai aka raba shi ba. Tekun da ke kewaye da Turai da Amurka da Japan an yi masa awo shekara da shekaru. Namu na Mashigin Gini yana cikin waɗanda aka fi ƙarancin bayani a kansu. Babban binciken kifin ƙasan ruwa na yankin da har yau ake komawa gare shi an yi shi ne a 1963 da 1964. Bayan haka, yawancin ƙiyasin kifin da ke ruwan Afirka ta Yamma ya dogara da jirgin bincike na Norway mai suna Dr Fridtjof Nansen, wanda ke zagaye da haɗin gwiwar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1975. Aikin alheri ne, babu musu. Amma jirgi ne da zai zo ya yi 'yan makonni ya wuce wata ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sai yana kwana a ɗakin.

Tauraron ɗan'adam ma da ake taƙama da shi saman ruwa kawai yake gani, a yankinmu kuma gajimare da ƙurar hunturu suna yawan rufe masa ido. Ba zai faɗa maka wane kifi ne ke ƙwai a bakin Kogin Kuros a watan Yuli ba. Sai mutum ya shiga kwale-kwale.

Ga misali na kusa. Busasshen ƙaramin jatan-landen nan da ake kira kirefish, wanda yanzu ya shiga miyar gidajenmu da kunun yara, daga bakin kogunan Akwa Ibom da Kuros Riba ake kamo shi, a busar a kai kasuwa irin ta Oron, daga nan a loda wa motocin Arewa. Rayuwarsa, da ta kifin bonga da ake ƙyafewa, tana ɗaure da dazukan mangurof, itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsirowa inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. A cikin saiwoyinsu ƙananan kifaye ke ɓuya su girma kafin su fita teku. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan dajin.

Dajin kuwa yana cikin tasku. A 1906 aka kawo wani irin kwakwan ruwa mai suna nipa daga Asiya aka dasa a Kalaba don hana zaizayar ƙasa. Yau ya mamaye wurare masu yawa, yana korar itatuwan asali, kuma masunta suna kukan ba ya tara kifi kamar su. Ga kuma malalar mai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni na 2011 ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Wa zai bi diddigin ko dajin da aka sake dasawa yana kamawa, ko kaguwa da kifi sun dawo? Ɗalibin digiri na biyu da na uku ne, wanda zai riƙa komawa wuri ɗaya wata bayan wata.

Akwai wata dabba ma da mu Hausawa muka fi kowa sanin sunanta: ayu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai maganin gargajiya a kasuwa ya ji tallan man ayu. Da yawa daga masu saye ba su taɓa ganin dabbar ba. Mai shayarwa ce, ciyawar ruwa take ci, tana ɗaukar ciki kimanin shekara ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta daɗe kafin ta sake. Tana rayuwa a bakin teku daga Senegal har Angola, tana kuma hawowa Neja har Mali, tana Binuwai, tana tafkin Lere a Chadi. Ta ragu ƙwarai, har a 2013 aka saka ta a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wato an haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. A Kamaru wani matashi, Aristide Takoukam Kamla, ya yi digirin digirgir a kanta a Jami'ar Florida, ya kuma kafa ƙungiyar kare dabbobin ruwa a gida, yana aiki da masuntan tafkin Ossa. Kasuwar man ayu kuwa a garuruwanmu take. Wanda zai iya zama da Sarkin Ruwa a Yawuri ko Numan, su yi hira da Hausa har ya faɗa masa inda ayu ke kiwo da watan da ake ganinta, ɗanmu ne. Irin wannan ilimin ba a aiko shi daga Turai.

Abin da ɗalibin ke yi a zahiri

Masu dariya suna zaton yawon shan iska ne a bakin teku. Bari in faɗi yadda aikin yake.

Ɗalibi zai zaɓi wurare a bakin kogi ko a cikin tafkin Legas, ya ce zai auna su kowane wata har shekara ta zagayo, don ya kama rani da damina. Ranar fita zai tashi da asuba saboda lokacin cikar ruwa da janyewarsa ba ya jiran kowa. Zai yi hayar kwale-kwale mai inji, ya sayi fetur. A kowane wuri zai auna zafin ruwa, da gishirinsa, da iskar da ta narke a ciki. Zai saki wani farin faifai a ruwa har ya ɓace wa ido don ya san duhun ruwan. Zai ja wata siririyar koma da ta fi rariyar gari laushi, ya tattara abin da ta kamo a kwalba ya zuba maganin hana ruɓa. Zai ɗebo laka daga ƙasa ya tace, ya tsince tsutsotsi da ƙananan dodon-koɗi ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai ɗakin gwaji. Makonni zai yi sunkuye a kan madubin ƙara girma yana ƙirga halittun da ke cikin ɗigon ruwa, yana duba ƙafa da gashin baki don ya bambance wannan nau'in da wancan. Idan aikinsa ya haɗa da ƙwayoyin gado, dole naman da ya yanko ya zauna a cikin firiza mai tsananin sanyi. Wuta ta ɗauke kwana biyu babu man janareta, aikin wata shida ya lalace.

A mafi yawan jami'o'inmu duk wannan daga aljihun ɗalibi yake fita, ko na iyayensa. Sakamakon a bayyane yake. Wanda ya yi niyyar auna wata goma sha biyu sai ya auna uku. Wanda ya so fita cikin teku sai ya tsaya a bakin gada inda zai iya zura bokiti. Malamin da ke duba shi ya san haka, amma da wane baki zai ce ya koma? Sai a yi ta tara kundaye masu kama da juna a kan wurare masu sauƙin zuwa, tekun na gaske kuwa babu mai leƙa shi.

Yajin aiki ma ya fi yi wa irin wannan fannin illa. A 2022 jami'o'in tarayya sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin tarihi zai iya dawowa ya tarar da takardunsa inda ya bar su. Wanda ke bin kifi lokacin ƙwai, idan damina ta wuce ɗakin gwaji na kulle, shekarar ta tafi ke nan, kuma ramin da ta bari a bayanan ba ya cikuwa har abada.

Abin takaicin shi ne ginshiƙan suna nan. Cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Legas tun 1975, kuma tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona. Jami'ar Kalaba tana da cibiyar nazarin teku, Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku, haka Jami'ar Fasaha ta Akure. A watan Agustan 2023 aka ƙirƙiri ma'aikata sukutum ta harkokin teku da tattalin arzikinsa. Amma idan ka saurari maganganun da ake yi a kan ma'aikatar, tashoshin jiragen ruwa ne da kuɗin shiga. Da wuya ka ji an ambaci ɗalibin da zai gaya mana kifi nawa ya rage kafin mu raba lasisin kama shi.

"Muna fama da yunwa da 'yan bindiga, kana maganar kaguwa"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Jihar da ke da yara bila adadin a kan titi, asibitocinta babu likita, ƙauyukanta suna biyan haraji ga ɓarayin daji, dole ta san abin da za ta sa a gaba. Da za a ce in zaɓa tsakanin ungozoma da masanin teku, ungozoma zan zaɓa.

Sai dai babu wanda ya ce a zaɓa. Jihohinmu sun sha tura ɗaruruwan ɗalibai ƙasashen waje su yi digiri na biyu, wasu a fannonin da ake koyarwa a jami'ar da ke bayan gidansu. Ware gurabe biyar ko goma a shekara don karatu a Kalaba ko Legas ko Akure, tare da kuɗin kwale-kwale da kayan awo, ba zai hana gina aji ko ɗaya ba. Duniya ma ba wani abin kirki take kashewa ba: rahoton UNESCO na 2020 ya ce matsakaicin abin da ƙasashe ke ware wa kimiyyar teku kashi 1.7 ne cikin ɗari na kuɗin bincikensu. Mu ko wannan ɗan kason ne muke nema a fara.

Wanda ke son ganin riba a ƙasa kuwa, ga ta. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa iko da arzikin ruwa har mil 200 na teku. Ta kuma ce idan ƙasa ta iya kawo hujjar kimiyya cewa doron ƙasarta ya ci gaba a ƙarƙashin ruwa fiye da nan, za a ƙara mata. Najeriya ta shigar da buƙatarta a 2009. A 2023 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan ta amince da ƙarin kimanin murabba'in kilomita 16,300. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Awon zurfin ruwa da kaurin lakar ƙasan teku ne suka ci wannan shari'ar, a hannun masana irin su Farfesa Larry Awosika. Duk abin da aka haƙo a wurin nan gaba asusun tarayya zai shiga, a raba har da Jigawa da Zamfara.

Mu kuma kalli Ghana mu ɗauki darasi. Ƙananan kifayen sardin da talakan ƙasar ya dogara da su sun ragu matuƙa saboda yawan kamu da satar manyan jirage, har gwamnati ta koma rufe teku na wani lokaci a shekara, a 2019 ta haɗa har da masu kwale-kwale. Hausawan zangon Accra da Kumasi sun ji abin a kuɗin cefane. Abin da ya sa aka iya ɗaukar matakin shi ne akwai masana a Jami'ar Cape Coast da Jami'ar Ghana da ke da alƙaluman da za su ajiye a gaban minista. Yunwar da muke kuka da ita, wani ɓangarenta ta wannan hanyar take zuwa.

"To in ya gama, ina aikin?"

Ba zan yi wa kowa romon baka ba: guraben ba su da yawa. Akwai NIOMR, da NiMet, da hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta NIMASA, da hukumar sa ido kan malalar mai ta NOSDRA, da kamfanonin da doka ta wajabta wa binciken muhalli kafin su haƙa ko su gina, da jami'o'i. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake adawa da a buɗe sashen kimiyyar teku a kowace sabuwar jami'a don kawai sunan ya yi daɗi a kunne. Sashen da ba shi da kwale-kwale, ɗalibansa suka gama ba su taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba, yaudarar yara ne. Mutane kaɗan ake so, masu horo mai zurfi, a wurin da tekun yake.

Kuma hannun da ya ƙware a can ba zai rasa abin yi a gida ba. Dabarar ƙiyasta yawan kifi iri ɗaya ce a Bonny ta bakin teku da a Baga ta bakin Tafkin Chadi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, da cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da dausayin Haɗejiya zuwa Nguru da kacala ta toshe, duk suna buƙatar wanda ya iya awon ruwa, ya iya lissafi a kwamfuta, ya iya karanta hoton tauraron ɗan'adam.

Masu tsoron yaran za su tafi waje su ƙi dawowa suna da dalili. Hukumar TETFund ma ta dakatar da tura malamai karatu ƙetare daga farkon 2025, kuma cikin dalilanta akwai tsada da guduwar wasu. To ai abin da nake nema ba sai an je Ingila ba. A Kwatano akwai digiri na biyu na yanki a kimiyyar motsin teku a Jami'ar Abomey-Calavi. A tsibirin Cabo Verde akwai shirin WASCAL na digiri na biyu a sauyin yanayi da kimiyyar teku, wanda Jamus ke ɗaukar nauyi, kuma yana karɓar ɗalibai daga ƙasashen yankin har da waɗanda ba su da gaɓa irin Nijar. Ga Cape Coast. Ga Jami'ar Bahar Maliya a Port Sudan idan Allah Ya kawo ƙarshen yaƙin ƙasar. Sau da yawa irin waɗannan guraben suna fitowa su rufe ɗalibanmu ba su ji labari ba, domin malamansu ma ba sa kallon wajen.

Nan ne jami'o'in Arewa ke da aikin da ba ya buƙatar sabon gini. Sashen nazarin halittu ko na labarin ƙasa a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri zai iya ƙulla yarjejeniya da Kalaba ko NIOMR a riƙa duba ɗalibi tare: malami ɗaya a nan, ɗaya a can. Ɗalibar da iyayenta ba za su yarda ta yi shekara biyu a Kudu ba za ta iya zama a Kano ta yi aiki da bayanan PIRATA, waɗanda kyauta ake sauke su a intanet, ta gwada su da ruwan saman da aka auna a filin jirgin sama na Kano shekara da shekaru, ta je gaɓa na 'yan makonni don ta ga yadda ake awon da idonta. Hukumar tallafin karatu ta jiha kuma ta rubuta a cikin takardar tallafin cewa akwai kuɗin fita aiki daban da kuɗin makaranta, a biya shi kafin damina ta faɗi, ba bayan ta ɗauke ba.